Mai Gadin Cikin Jini: Tarihin Furotin CRP Da Ciwon Sanƙarau A Arewacin Gana

A unguwar Kalpohin da ke birnin Tamale, kamar sauran garuruwan arewacin Gana, tun daga leɓe ake gane shigowar hunturu. Daga watan Disamba iska takan juyo daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, leɓe ya tsage, hanci ya bushe, yara su yi ta tari. Kafin ƙarshen Fabrairu sanyi ya wuce, zafi ya sauko, har a watan Maris awon zafi yakan kai digiri 40. A wannan tsakani ne iyaye mata ba sa barci da nauyi, gama lokacin sanƙarau ke nan. Yaro yakan yini yana wasa a tsakar gida, da magariba ya ce kansa yana ciwo, kafin gari ya waye wuyansa ya sandare, ba ya iya sunkuyawa.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun iyaye da likitoci baki ɗaya. Yara biyar suna kwana a ɗaki ɗaya, suna shan ruwa da moɗa ɗaya, amma ɗaya ne kaɗai ya kwanta. Bincike ya nuna cewa ƙwayar da ke kawo annobar sanƙarau tana zaune a maƙogwaron lafiyayyun mutane da yawa, kamar mutum 1 cikin 10, lokacin annoba kuwa su fi haka, ba tare da ta yi musu kome ba. To, me yake tsare waɗannan? Babban sashen amsar yana cikin jini. Akwai waɗansu furotin da ke yawo cikinsa dare da rana, aikinsu shi ne su gane baƙuwar ƙwaya da ta shigo, su tona mata asiri. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda likitoci ke rubutawa da haruffa uku, CRP. Tarihin gano shi ya faro ne daga ƙasashen Turai da Amurka, amma hanyarsa ta biyo ta Zariya da Navrongo.

Annobar rani

Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya. A shekara ta 1805 wani likita mai suna Gaspard Vieusseux ya bayyana annobarsa a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan. A 1887 Anton Weichselbaum, a babban birnin ƙasar Ostiriya, ya ware ƙwayar da ke kawo shi daga ruwan ƙashin bayan marasa lafiya. Ita ce ake kira meningokokas. Shekara shida kafin haka, a 1881, Louis Pasteur a Faransa da George Sternberg a Amurka, kowa a nasa wurin, sun ga wata ƙwaya dabam da aka sa wa suna numokokas. Ita ce uwar ciwon huhu, wato namoniya, amma ita ma takan hau ƙwaƙwalwa ta kawo sanƙarau, nata ma ya fi kisa. Mai karatu ya riƙe sunayen nan biyu, gama za su yi ta dawowa cikin labarin.

A Afirka ta Yamma, babbar annoba ta farko da likitocin mulkin mallaka suka rubuta ita ce ta 1905 a arewacin Nijeriya, wadda ta taɓa Zungeru, hedkwatar Turawa a lokacin. Daga 1906 zuwa 1908 ta faɗa wa arewacin ƙasar da ake kira Gwal Kwas, wato Gana ta yau, ta kashe dubban mutane. A tsakiyar waɗannan shekaru ne, a 1907, Turawa suka ɗauke hedkwatar yankin arewa daga Gambaga suka kawo ta Tamale. Ƙasashen nan biyu ba baƙin juna ba ne. Tun ɗaruruwan shekaru fatake ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro, suna yada zango a Yendi da Salaga, jikokinsu kuwa suna nan har yau a zangunan arewacin Gana. Iska ɗaya ke busa musu, rani ɗaya ke gasa su, annobar ma sai ta zama ɗaya.

Daga nan ta riƙa dawowa, kamar bayan kowace shekara 8 zuwa 12. Ta dawo arewacin Gana a 1919, ta sake dawowa cikin shekarun 1940, ta kuma dawo a 1984. Kullum halinta ɗaya ne: ta fara da hunturu, ta yi tsanani da bazara, ruwan farko yana sauka ta lafa. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana taswirar yankin da take addaba, tsakanin hamada da kurmi, aka riƙa kiransa ɗamarar sanƙarau. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya yankin ya haɗa ƙasashe 26, daga Senegal zuwa Habasha. Masana suna ganin busasshiyar iska da ƙura su ke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, har ƙwayar da ke zaune lafiya ta sami hanyar shiga jini. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma shiga jini ba shi ne ƙarshen magana ba, domin a can akwai masu jiranta.

Jini yana da nasa makami

A 1888 George Nuttall, yana aiki a Jamus, ya lura cewa idan aka zuba ƙwayoyin cuta cikin sabon jini, da yawansu sukan mutu, amma idan aka ɗumama jinin zuwa kamar digiri 55 sai wannan ƙarfi ya ɓace. Hans Buchner, Bajamushe, ya sa wa abin da ke kisan suna aleksin, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar kariya. A 1895 wani saurayi ɗan ƙasar Baljiyam, Jules Bordet, mai shekara 25, yana aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris, ya nuna cewa aikin na abu biyu ne. Na farko shi ne antibodi, makamin da jiki ke ƙera wa wata ƙwaya takamaimai bayan ya taɓa haɗuwa da ita. Na biyu kuwa yana cikin jinin kowa tun farko, shi ne wanda zafi ke lalatawa. Antibodi yana nuna ƙwayar, na biyun yana fasa ta. A 1899 Paul Ehrlich ya raɗa wa na biyun suna kwamfiliment, wato mai cikasa aiki, sunan da ya bi shi har yau. An ba Bordet kyautar Nobel ta shekarar 1919 saboda wannan aiki.

Daga baya aka gane cewa kwamfiliment runduna ce ta furotin fiye da 30, masu tada juna bi da bi, kamar yadda maƙwabci ke tada maƙwabci idan an yi ihun ɓarawo cikin dare. Sai dai akwai giɓi cikin bayanin. Idan ƙwaya sabuwa ce ga jiki, ƙera antibodinta yakan ɗauki mako guda ko biyu. Numokokas da meningokokas kuwa suna iya gama da mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. To, wa ke yin ihun a kwanakin farko, kafin antibodi ya iso?

Abin da aka gani a Niyok

A farkon ƙarni na 20 ciwon huhu yana cikin manyan cututtukan da ke kashe mutane a Amurka, ba kuwa penisilin tukuna. A asibitin Cibiyar Rockefeller da ke birnin Niyok akwai wani likita mai haƙuri, Oswald Avery, wanda ya fara aiki a wurin a 1913, ya kuma ba da yawancin rayuwarsa ga nazarin numokokas. Shi da abokan aikinsa sukan narka ƙwayar su rarraba sassanta, su ga wane sashe ne jini ke yi wa martani. Bayan sun ware sashe biyu, sai suka sami na uku, wani irin sukari da ke cikin bangon ƙwayar, suka sa masa harafin C.

A 1930 likitoci biyu na wannan ɗakin bincike, William Tillett da Thomas Francis, suka riƙa ɗibar jinin masu ciwon huhu tun daga ranar da aka kwantar da su. Sukan bar jinin ya daskare, su tsiyaye ruwan da ya taso, su ɗiga masa sinadarin C. Abin da suka gani ya ba su mamaki. A kwanakin farko, lokacin da zazzaɓi ke kan ganiyarsa, ruwan jinin yakan kama sinadarin ya dunƙule, ya kwanta a gindin kwalba. Da zarar zazzaɓin ya karye, mara lafiya ya fara samun sauƙi, sai abin ya ɓace cikin 'yan kwanaki. Waɗanda ciwon ya kashe kuwa, yana nan cikin jininsu har ƙarshe. Halin antibodi akasin haka yake, gama shi a ƙarshen ciwo yake bayyana, ya kuma daɗe. Da suka gwada jinin masu waɗansu cututtuka, irin su zazzaɓin gaɓoɓi mai taɓa zuciya da ruɓar ƙashi, waɗanda ba numokokas ke kawo su ba, sai suka sami abu ɗaya. Ashe jiki yana da wani abu da yake zubowa cikin jini da gaggawa duk lokacin da babbar cuta ta shigo.

Shekara 11 aka yi kafin a san ko mene ne. A 1941 Avery tare da Theodore Abernethy da Colin MacLeod suka tabbatar cewa furotin ne, kuma ba ya iya kama sinadarin C sai da taimakon kalsiyam. Daga nan sunansa ya fito, furotin mai kama C, a taƙaice CRP. A 1947 Maclyn McCarty ya tace shi tsantsa. Mutanen nan ba ƙanana ba ne a tarihin likitanci. Avery da MacLeod da McCarty su ne suka nuna a 1944, da wannan ƙwaya ta numokokas, cewa DNA shi ne ke ɗauke da gadon halitta. Francis kuwa shi ya jagoranci babban gwajin rigakafin shan inna na 1954. Mai karatu ya lura, harafin C na sunan wannan furotin ba shi da dangantaka da meningokokas rukunin C da ake jin labarinsa a rediyo. Haɗuwar suna ce kawai.

Yadda yake gane baƙo

Sauran bayanin a hankali ya riƙa zuwa. A 1966 aka tabbatar cewa hanta ce ke yin CRP. A 1971 John Volanakis da Melvin Kaplan suka gano ainihin abin da yake kamawa a jikin ƙwayar, wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna fosfokolin, wanda numokokas ta jera a bangonta. A 1974 mutanen nan biyu suka nuna cewa da zarar CRP ya manne wa abin da ya kama, yakan tada rundunar kwamfiliment daidai yadda antibodi ke yi. Nan giɓin da aka bari tun zamanin Bordet ya fara cikewa. A 1977 aka ga siffarsa da babban madubin lantarki: guntaye biyar iri ɗaya, a jere kamar zobe. Fuska ɗaya ta zoben ita ke kama ƙwaya, ɗaya fuskar ita ke kiran kwamfiliment da fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye cuta. A 1981 aka yi wa ɓeraye allurar CRP na ɗan adam, sa'an nan aka sa musu numokokas mai yawan da ya isa kisa, da yawansu suka tsira.

Ga yadda abin ke gudana cikin jiki. Ƙwaya ta ratsa fatar maƙogwaro ko ta huhu. Fararen ƙwayoyin jini da suka fara cin karo da ita sukan saki wani saƙo mai suna intalukin 6, jini ya kai shi hanta. Cikin kamar sa'a 6 CRP ya fara hauhawa, ya kai ƙololuwa wajen sa'a 48. A jinin lafiyayyen mutum yawanci bai kai miligiram 3 cikin lita ba, amma a mai tsananin ciwo yana iya wuce 300, wani lokaci har 500. Rabin abin da ke cikin jini yakan ƙare cikin kamar sa'a 19, saboda haka idan cuta ta mutu, hanta ta daina zubo shi, sai ya sauka da sauri. Wannan shi ne abin da Tillett da Francis suka gani a kwalabensu ba tare da sun san dalilinsa ba.

Abin sha'awa shi ne, jikin ɗan adam ma yana da fosfokolin a fatar ƙwayoyinsa na halitta, amma a ɓoye yake, CRP ba ya kai wa gare shi. Sai ƙwayar halitta ta mutu ko ta ji rauni yake bayyana, CRP ya kama ta a kwashe. Ke nan mai gadin nan yana kuma aikin shara. Tsoho ne ƙwarai cikin halittu, gama an sami irinsa a jinin kifaye, har da wata dabbar teku mai kama da ƙaguwa. Ba a kuma taɓa ba da labarin mutumin da aka haifa babu shi ba.

Wajibi ne a faɗi iyakar ƙarfinsa. A kan numokokas ne aka fi tabbatar da kariyarsa. Meningokokas ma takan ɗauki fosfokolin a jikinta, CRP yana iya kama ta, amma a wajenta babban nauyin yana kan antibodi da kwamfiliment. A 1969 Irving Goldschneider da Emil Gotschlich da Malcolm Artenstein suka ɗibi jinin dubban kuratan sojan Amurka ranar da suka shiga bariki, suka ajiye. Da sanƙarau ya kama waɗansu, aka koma kan jininsu na farko, sai aka tarar kusan dukansu jininsu ba ya iya kashe ƙwayar tun da ma. Haka kuma mutanen da aka haifa da rashin wani sashe na kwamfiliment, sanƙarau yakan kama su sau biyu ko uku a rayuwa. Wannan ita ce amsar tambayar yara biyar a ɗaki ɗaya. Huɗu sun taɓa haɗuwa da ƙwayar ko 'yar'uwarta a maƙogwaro, jininsu ya san ta. Na biyar bai san ta ba, ta kuwa sami ƙofa a buɗe.

Aikin Zariya

Har zuwa 1970 yawancin wannan ilimi a ƙasashen sanyi aka tara shi, nesa da inda annobar ta fi kisa. A wannan shekara wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, ya zo sabuwar makarantar likitoci ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ya yi shekara goma. Shi da Hilton Whittle da likitoci 'yan Nijeriya suka tarar da annoba a ƙofarsu, musamman a 1970 da 1977, lokacin da marasa lafiya suka yi wa gadaje yawa. Magungunan salfa da aka dogara da su tun shekarun 1940 sun fara kasawa, domin ƙwayar ta saba da su.

Cikin wannan hali suka yi bincike da ya amfani yankin duka. Sun gwada hanyoyin gane sukarin jikin meningokokas cikin ruwan ƙashin baya da jini a sa'a ɗaya ko ƙasa da haka, maimakon jiran kwana biyu ƙwayar ta tsiro a ɗakin gwaji. A 1976 Greenwood da I. I. Onyewotu da Whittle suka buga sakamakon awon kwamfiliment a jinin marasa lafiyar Zariya. Sun tarar cewa waɗanda ƙwayar ta mamaye jininsu, kwamfiliment ɗinsu ya yi ƙasa sosai, wato rundunar ta ƙare a fagen fama. A 1979 kuma likitocin Zariya suka nuna cewa allura ɗaya ta kuloramfenikol mai mai tana iya warkar da sanƙarau na annoba. Ga ƙauyen da ba likita, inda ma'aikacin lafiya ɗaya ke fama da mutum hamsin a ƙarƙashin bishiya, wannan babban abu ne. An yi shekaru ana amfani da wannan allura a ɗamarar sanƙarau kafin seftiriyakson ya karɓi wurinta.

Shekarar 1996 da abin da ya biyo baya

Annobar 1996 da 1997 ita ce mafi girma da aka taɓa rubutawa a Afirka: mutum kusan 250,000 suka kamu, kusan 25,000 suka mutu. A Nijeriya kaɗai, a 1996, an ƙirga fiye da mutum 100,000 da suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, Kano da Katsina da Bauci da Kabi suna cikin inda abin ya fi muni. Rani na gaba ta sauka arewacin Gana, inda fiye da mutum 18,000 suka kamu, fiye da 1,300 suka mutu. Asibitin Tamale da na Bolgatanga, da asibitocin mishan irin na Baptis a Nalerigu da na Firesbiteriyan a Bawku, duk suna cikin yankin da ta ratsa. Akwai rigakafi a lokacin, wanda aka yi da sukarin jikin ƙwayar tsantsa, amma ba ya kama ƙananan yara sosai, ƙarfinsa ba ya wuce 'yan shekaru, yakan kuma iso ne bayan annoba ta riga ta yi nisa.

Bayan wannan masifa, daga 1998, Cibiyar Binciken Lafiya ta Navrongo, kusa da iyakar Barkina Faso, tare da masana daga Suwizalan, ta fara duba maƙogwaron mutanen gundumar Kassena-Nankana sau biyu a shekara, tana kuma gwada ruwan ƙashin bayan duk wanda aka kawo da sanƙarau. Nan aka ga abin da ba a zata ba. Tsakanin 2000 da 2003 sanƙarau na numokokas ya riƙa ƙaruwa a gundumar, yana bin rani daidai yadda na meningokokas ke yi, yana kama manyan yara da manya, yana kashe fiye da mutum 4 cikin 10 na waɗanda ya kama. Ƙwayar da Avery ya tsufa a kanta a Niyok, wadda ta ba CRP sunansa, ashe ita ma tana da hannu cikin annobar rani. A ƙarshen 2015 da farkon 2016 ta sake tada wata annobar a yankin Brong Ahafo, kudu da inda aka saba ganin sanƙarau.

A ɗaya gefen kuma, a 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shirin ƙera sabon rigakafin rukunin A, wanda a lokacin shi ne ke kawo yawancin annobar. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi shi a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace allura, aka sa masa suna MenAfriVac. Navrongo tana cikin wuraren da aka gwada shi a kan jarirai. Hujjar da aka amince da shi a kanta kuwa jikanyar gwajin Bordet ce: a ɗibi jinin wanda aka yi wa allura, a haɗa da kwamfiliment da ƙwayar, a ga ko za ta mutu. An fara allurar a Barkina Faso a Disamba 2010, ta shiga Nijar da Mali, ta iso arewacin Nijeriya a 2011, ta zo yankunan arewacin Gana a 2012. A wannan shekara ta 2012 Gana ta sa rigakafin numokokas cikin alluran jarirai. Rukunin A ya kusan ɓacewa daga yankin. Sai dai 'yan'uwansa sun taso: rukunin C ya yi ɓarna a Nijar a 2015, ya kuma yi a Zamfara da Sakkwato a 2017, ga kuma rukunin W da X. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabon rigakafi mai kare rukuni biyar a allura ɗaya.

Mai gadi ya zama mai shaida

Tun shekarun 1950 likitoci suka gane cewa tun da CRP yana hawa da sauka tare da ciwo, ana iya auna shi a san halin da mara lafiya ke ciki. Da farko masu zazzaɓin gaɓoɓi ake yi wa awon. Yau ana yinsa a manyan asibitoci ko'ina, akwai ma ƙananan na'urori masu ba da sakamako cikin 'yan mintoci daga ɗigon jinin yatsa. Yana taimakon likita ya bi sawun jariri da ake zargin cuta ta shiga jininsa, ya ga ko maganin da aka ba mai ciwon huhu yana ci, gama idan yana ci lambar takan faɗi cikin kwana biyu ko uku. Yana kuma taimakawa wajen rage shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba. Yawancin mura da tarin hunturu bairas ne ke kawo su, kafso ba ya yi musu kome, CRP ma ba ya hawa sosai a kansu. Wani gwaji da aka buga a 2016 daga ƙasar Biyetnam ya nuna cewa awon CRP a ƙananan asibitoci ya rage ba da irin waɗannan magunguna ga masu ciwon maƙogwaro da tari. Wannan ya shafi Tamale da Kano kamar yadda ya shafi can, domin duk kafson da aka saya a kantin magani aka sha ba dalili, koya wa ƙwayoyin cuta yake yi yadda za su jure masa, kamar yadda ya faru da magungunan salfa.

Amma awon yana da iyaka, a ƙasashen nan ma iyakar ta fi fitowa. CRP yana faɗin cewa akwai gobara, ba ya faɗin wanda ya kunna ta. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi, haka tarin fuka, da ƙuna, da rauni, da aikin tiyata. Saboda haka yaro mai zazzaɓi a Kalpohin sai an fara yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro kafin lambar CRP ta yi ma'ana. Kuma da yake hanta tana bukatar sa'o'i kafin ta zubo shi, mai sanƙarau da aka kawo a sa'o'in farko yana iya nuna lamba ƙarama alhali yana bakin mutuwa. Abin da ke tabbatar da sanƙarau, ya kuma faɗi ko numokokas ce ko meningokokas da rukuninta, shi ne ɗibar ruwan ƙashin baya, hanyar da Heinrich Quincke ya ƙirƙiro tun 1891. Iyaye da yawa suna tsoronta, suna cewa ita ke gurgunta yaro ko ta kurumtar da shi. Ciwon ne ke yin haka, gama kamar mutum 1 cikin 5 na waɗanda suka tsira daga sanƙarau yakan bar su da kurumta ko farfaɗiya ko raunin gaɓa, jinkiri kuwa shi ke ƙara yawansu. Daga wannan ruwa ne kuma ɗakin gwaji na lafiyar jama'a da ke Tamale yake sanin irin ƙwayar da ke yawo a shekarar, hukuma ta san rigakafin da za ta nema.

Daga kwalaben Nuttall na 1888 zuwa allurar 2024 an yi shekara 136. Abin da aka koya a tsakani ya nuna cewa jinin kowane yaro yana da masu gadi tun ranar haihuwarsa, suna kuma cin nasara kullum ba wanda ya sani. Rigakafi yana gabatar musu da ƙwayar tun kafin ta zo, domin ranar da ta shigo a tarar antibodi yana jira. Ranar da aka fi ƙarfinsu kuwa, alamun ba sa ɓuya: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sandarewar wuya, amai, ƙin haske, ruɗewa ko suma. Ga jariri, ƙin kama nono, kuka marar daɗi, da kumburin maɗiga. Wanda ya ga haka a gidansa tsakanin Disamba da saukar ruwa, kada ya jira gari ya waye, kada ya tsaya gwada kafso ko jiƙo. Daga Kalpohin zuwa Asibitin Koyarwa na Tamale tafiyar mintoci ce a kan babur, ciwon kuwa da sa'o'i yake lissafi.